Garin kunun yaye, sana'ar da goyo ya koya mini

Ranar da 'yata ta fari ta cika wata takwas na kai ta awo asibitin unguwarmu a nan Kano. Ma'aikaciyar jinya ta ɗora ta a sikeli, ta duba kati, ta sake dubawa, sannan ta ce, "Malama, me kike ba ta bayan nono?" Na ce koko. Ta ce in kwatanta mata kaurinsa. Da na kwatanta sai ta girgiza kai. "Ruwa kike cika mata ciki da shi. Cikin yaro ɗan mitsitsi ne, abin da zai shiga sai mai amfani. Ki dama da kauri yadda zai tsaya a cokali, ki haɗa da waken suya da gyaɗa." A cikin adaidaita sahu na dawo, yarinya a cinyata, ina ta share hawaye da bakin mayafi.

Da na faɗa wa Inna, sai ta ce, "To mene ne abin kuka? Ai ku ma da kunun gyaɗa na yaye ku. Ɗauko kasko." A tsakar gidanta muka soya haɗin farko: gero, waken suya da gyaɗa, ko kwano ɗaya bai kai ba. Kafin wata biyu kumatun yarinya sun ciko, wuyan hannu ya yi layi-layi, ta fara rarrafe tana jan tabarma. Kun san al'adarmu, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban manya. Ni ma na kiyaye wannan karar. Amma da dare in an rufe ƙofa, sai in zaunar da ita a ƙafata in yi ta kallonta, ina taɓa kumatun nan ina gode wa Allah. Har yau ban san da me zan kwatanta daɗin da nake ji ba in yaro ya hango cokali ya buɗe baki da kansa, yana buga ƙafa.

Maƙwabta suka fara tambaya. Wannan ta ce a soya mata kwano guda, waccan ta aiko da kuɗin cefane a saka nata a ciki. Haka abin ya zama sana'a ba tare da na shirya ba. Yanzu mu huɗu ne, ni da mata uku masu taya ni, a rumfar da maigida ya kafa mana a bayan gida. Yawancin ciniki ta WhatsApp ne, kaya kuma ta tasha nake aikawa Kaduna, Katsina da Dutse.

Aikin daga kasuwa yake farawa. Dawanau nake zuwa da kaina, can kan hanyar Katsina, domin ban yarda in aika a sayo mini hatsin da jariri zai sha ba. Nakan zura hannu har cikin buhu, in shinshina, in tauna. Gero in ya yi warin rumbu ko na maganin ƙwari, komai sauƙinsa na bar shi. Gyaɗa ita ce ta fi cin lokaci. Wadda ta sha danshi takan yi fumfuna, kuma wannan fumfunar tana fitar da guba da masana ke kira afulatoksin, mai illa ga hanta, wadda suya ba ta kashewa. Saboda haka ɗaya bayan ɗaya muke tsince ta a faifai. Duk ƙwayar da ta yamutse, ta canza launi ko ƙwaro ya huda, waje. Wata daga cikin masu taya ni ta taɓa cewa, "Anti, wannan da muke zubarwa ai kuɗi ne." Na ce mata ta ɗauka ɗanta ne zai sha. Ba ta sake magana ba, yanzu ma ta fi ni tsanani.

Gero a surfe shi, a bakace, a wanke, a rairaye tsakuwa, a shanya. Waken suya a jiƙa, a murje ɓawon, a wanke, ya bushe ƙarau, sannan a soya shi a hankali har ya yi ƙamshi. In bai soyu ba gari zai yi gafi, yaro ya ƙi sha, ko ya sha cikinsa ya kumbura. In kuma wuta ta yi yawa ya yi ɗaci. Tsakanin nan biyu sana'ar take, kuma hanci ne ke gaya miki, ba agogo ba. Awona shi ne hatsi kashi 6, wake kashi 3, gyaɗa kashi 1. Akwai mai dabino, akwai mai busasshen kifi ga masu so. Sukari ba na sawa.

Niƙa ta taɓa ba ni wahala. Wata rana na kai haɗi wani inji, ashe an niƙa barkono kafin nawa ba a wanke ba. Sai da na zo tankaɗe na ji hancina na yaji. Buhun nan gaba ɗaya na haƙura da shi, na bi masu oda ɗaya ɗaya ina ba da haƙuri. Daga nan na shiga adashe har na sayi ƙaramin injina, wanda ba ya niƙa komai sai abincin yara. Damina ma da nata: shanya ba ta bushewa, ga hadari yana tasowa ba sallama, sai ki ga muna gudu da tabarmi. Shekarar 2023 kuwa ta jijjiga mu. Da farkonta takardar kuɗi ta yi ƙaranci, a ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin mota da na hatsi suka haura. An ba ni shawara in rage wake in ƙara hatsi, wai ba mai ganewa. Na ƙi. Na rage girman leda na faɗa wa kowa gaskiya, na kuma fito da ɗan ƙaramin ƙulli don mai ƙaramin ƙarfi.

Akwai cinikin da nake mayarwa. In uwa ta ce ɗanta wata uku ne ko huɗu, nakan ce, "Ƙanwata, ki riƙe kuɗinki, ki ba shi nono zalla har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata." In ya kai, a fara da cokali biyu ko uku, sau biyu zuwa uku a rana, ana ƙarawa yana girma. Kada a sa zuma sai ya shekara. Kunun nan kuma ba ya maye gurbin nono. Alƙur'ani ma a Suratul Baƙara, aya ta 233, shekara biyu cikakku ya ambata ga mai son cika shayarwa. Yaron da ƙafarsa ta kumbura, gashi ya yi ja, ya rame, wannan tamowa ce, asibiti za a kai shi a ranar, ba wurina ba.

Riba ta kuɗi tana biyan kuɗin makaranta da Islamiyya, tana ba ni abin biki da suna ba sai na roƙa ba, Alhamdulillahi. Amma abin da ya fi riƙe ni shi ne ina gida. Yarana uku, kuma ba wanda aka ba ni labarin tafiyarsa ta farko. Na biyun, tsakanin buhun gero da turmi ya saki hannu ya yi taku huɗu, na yar da rariya na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Yanzu shi ne mai ƙirga mini leda in ya taso daga makaranta, yana yi yana waƙa, in ya kai ashirin ya koma farko. Babbar tana manna takarda a jikin roba, ta fi kowa daidaita ta. Wani lokaci kuma sai saƙon murya ya shigo daga wata uwa da ban taɓa gani ba, tana cewa an je awo an ce ya ƙaru, a bayanta ina jin gwarancin yaron. Irin wannan saƙon ba na gogewa.

Auta tana bayana yawancin yini. Kaɗawar rariya ce ke sa ta barci, in na tsaya sai ta motsa ta kama wuyan rigata. Wata biyu ya rage ta cika shekara biyu, Inna har ta fara maganar a kai mata ita yaye. Na ce to, amma jiya da na kwance majanyi na ji ɗumin da ta bari a bayana, sai na daɗe zaune riƙe da zanin. Na ware mata kwano guda na gero mai kyau, da dabinon da take so. Ni zan soya nata da hannuna.