Littafin hoto da maganin damina

Shagona yana Tudun Wadan Zariya, ba nisa da tsohon kamfanin Gaskiya. Ɗaukar hoto na koya a hannun kawuna: fasfo, biki, suna, saukar karatu. Da waya ta shigo kowa ya zama mai hoto, kasuwa ta yi sanyi, sai na haɗa da aikin ɗab'i, katin aure da kalanda da fostar 'yan siyasa idan lokacinsu ya zo. Mu biyar ne yanzu, har da yaron da ke zama gaban kwamfuta da wata ƙanwata mai shirya mana labari.

A 'yan shekarun nan aikin da ya fi riƙe mu shi ne littafin labari cikin hotuna. Mutane na gaskiya ake ɗauka, a jera hotunan ɗaya bayan ɗaya, a rubuta maganar kowa kusa da bakinsa, kamar fim ne aka kwantar a takarda. Abin ya daɗe. A Italiya ya fara bunƙasa wajen 1947, ya ƙetara Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka, inda suke kiransa fotonobela. Mu ma ya iso mana. Kawu yana da tarin mujallar African Film a cikin wata adaka, wadda kamfanin Drum ya riƙa bugawa daga 1968 zuwa 1972, da jaruminta Lance Spearman mai hula da sigari. Ban iya Turanci ba a lokacin, amma babu labarin da ban bi shi har ƙarshe ba. Abin da ya sa ma'aikatan lafiya suke neman irin wannan littafi ke nan.

Wata ƙungiya ta kawo mana aiki a kan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2012. Yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 ake bai wa, sau ɗaya kowane wata, galibi daga Yuli zuwa Oktoba. Kowane zagaye kwana uku ne. Ranar farko masu rabo ne ke bayarwa a gabansu, sauran kwana biyun kuwa sai su bar wa uwa ƙwayoyin ta ba da da kanta. A nan gizo ke saƙar, domin wata ta manta, wata ta ajiye sai ranar da yaro ya yi zazzaɓi, wata ta raba wa yayyensa.

Muka shirya shafi 16. Mai aikin ɗab'i ya san shafi huɗu-huɗu yake tafiya, ba a yin 15 ko 17, ga faranti huɗu na launi ga kowace fuskar takarda, ga takardar kanta da dala ake shigo da ita. Kuskure ɗaya bayan injin ya tashi ya ishe ka kuka. Shi ya sa ba na kai aiki wurin injin sai na fitar da 'yan kwafi a ƙaramar firinta na kai wa waɗanda aka yi dominsu. Wannan karon wani ƙauye muka je ta hanyar Giwa, ƙanwata ta shiga cikin gida wurin matan, ni na tsaya a zaure da maza.

Mun sha mamaki. Gidan da muka ara don ɗaukar hoton na wani abokina ne, da tayil da labule mai tsada. Wata dattijuwa ta daɗe tana kallon shafin farko, sannan ta ce wa ƙanwata, "'Yar nan, wannan ai matar mai kuɗi ce. Ita sauro ya san hanyar gidanta?" Sauran suka koma hirar labulen da kwanukan da ke jere, yaron da ke kwance ba wanda ya kula shi. Kumfar da muke sawa a saman kan mutum don nuna abin da yake tunani, wata ta ce hayaƙin murhu ne. Wani malami a zaure ya buɗe littafin daga baya, ya bi hotunan daga dama zuwa hagu yadda ya saba da allo da ajami, sai labarin ya zama an ba wa yaro mai lafiya magani ya kwanta. Ya dube ni ya ce, "Malam, to me ya yi zafi?"

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne shafin da na fi alfahari da shi. Na jera ƙwayoyin kwana ukun a kan faifai, haske ya zauna, hoton ya yi kyau. Mata da dama suka ce abin da suka gani shi ne a haɗa su duka a ba wa yaro lokaci guda. Da mun buga dubbai a haka, da mu muka koya wa mutane ɓarna da kuɗin mai aiki.

Muka koma muka sake. Gidan ƙasa muka samu, da tabarma da randa. Muka cire kumfar tunani gaba ɗaya, muka sa kishiya tana tambaya uwar yaro tana amsawa. Kowane hoto muka sa masa lamba babba, muka rage su zuwa biyu a shafi, ɗaya sama ɗaya ƙasa, don ko ta ina ka faro ba za ka ɓata ba. Kwana ukun kuma kowanne da shafinsa, uwa da ɗa da tufafi daban, ƙwayar ranar kaɗai a hannunta. Na so in nuna maigida da babbar riga zai tafi masallacin Juma'a don a gane kwana ya juya, ƙanwata ta hana, ta ce za a ɗauka sai ranar Alhamis ake fara maganin. Gaskiyarta.

Inda na saɓa da masu ba mu aiki shi ne wajen auna ko littafin ya yi amfani. Takardar tambayoyinsu ta fara da "Kin ji daɗin littafin?" Wace Bahaushiya ce za ka kawo mata kyauta har ɗaki ta kalli idonka ta ce ba ta yi kyau ba? Kara ba za ta bari ba. Kowa ya ce ya ji daɗi, a rubuta rahoto, a tafa. Ni abin da nake roƙo a yi shi ne a rufe littafin a ce mata, "Ba ni labarin." Daga nan a tambaye ta: maƙwabciyarki ta ce ɗanta ya yi amai nan take bayan an ba shi, me za ki ce mata? Yaro yana cikin zazzaɓi ranar da masu rabo suka zo, a ba shi ko a kai shi a gwada jininsa? Idan ta amsa da bakinta, saƙo ya shiga. Sannan a koma bayan wata guda, domin abin da mutum ya riƙe yau da zafinsa daban yake da abin da ya saura a kansa bayan an yi shuka an yi noman fari.

Kuma sai an gwada shi da wani abu. A wata unguwa a raba littafin hoto, a wata a raba takardar bayani zalla mai saƙo iri ɗaya. Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta yi irin wannan a Los Anjalis tsakanin masu jin Sifaniyanci, da wani littafi kan ciwon damuwa, aka wallafa sakamakon a 2013. Duka biyun sun ƙara wa mutane sani. Inda na hoton ya yi fice shi ne rage kyamar magani da ta zuwa wurin likita, kuma an fi miƙa shi ga 'yan uwa da abokai. Ban ji haushin wannan sakamako ba ko da yake ya rage wa hajata kwarjini, don abin da nake gani ke nan. Idan adadin ƙwaya kawai kake so a sani, takarda ɗaya ta isa, kuma ta fi arha nesa ba kusa ba. Labari yana biyan kuɗinsa ne inda akwai tsoro ko jita-jita ko maigidan da ya ce ba a gidansa ba, kuma duk wanda ya ga yadda aka yi da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ya san nauyin wannan.

Ba zan taɓa cewa littafina ya rage zazzaɓi a wani gari ba. Akwai gidan sauro, akwai yawan ruwan shekarar, akwai ƙwazon masu rabo, ta yaya zan ware rabona? Abin da ido ke iya gani shi ne fankon fakitin maganin da alamar da aka yi a katin yaro, su ma wata tana iya ɓare ƙwayar ta zubar don kada a yi mata faɗa.

Da muka koma ƙauyen bayan wata guda, na nemi a nuna min littattafan. Takardar bayani an daɗe da ƙunshe ƙosai da ita. Namu yawanci yana nan, wani a ƙarƙashin katifa, wani a gidan maƙwabta, ko da yake wata mai tuya ta gaya wa ƙanwata cewa takardarmu mai santsi ce, ba ta shan mai, shi ya sa ta tsira. A gidaje da yawa kuma 'yar firamare ce ta karanta wa uwarta. Tun daga ranar, duk jimlar da muka rubuta sai 'yata ta aji huɗu ta karanta min da ƙarfi a shago, inda ta yi tuntuɓe mu goge mu sake.