Wuƙa mai kube ta hawan dutse da kwanan daji: tsawo, kauri da nauyin da suka dace

Mai shirin hawan Dutsen Shere da ke kusa da Jos ya kwana, ko ya sauka magangarar ruwa ta Assop ko ta Kurra da tanti a baya, aikin da zai sa wuƙa sananne ne. Zai yanka igiya, ya feƙe turakun tanti, ya yanka albasa da tumatir, ya fere dankalin turawa, ya tsaga ƙirare in itace ya jiƙe. Wuƙar da ke wannan aiki ba tare da ta zama kaya ba ita ce mai ruwa santimita 10 zuwa 11, kauri milimita 2.5 zuwa 3.2, nauyinta da kubenta gaba ɗaya kada ya haura giram 200 da yawa. Ƙololuwar Shere ta kai kusan mita 1,829, garin Jos kuwa yana wajen mita 1,200, kuma duk abin da ka jefa a jaka ƙafarka ce za ta hau da shi.

Wuƙa mai naɗewa tana da daɗin aljihu, amma mahaɗarta ce rauninta. Ƙasa da ruwan tumatir suna taruwa a ciki, makullin yana sakin jiki da daɗewa, kuma in ka danna ta da ƙarfi tana iya rufewa a kan yatsa. Mai kube ƙarfe ɗaya ce, ruwa da tsumma sun ishe ta tsafta.

Tsawo ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙasa da santimita 8 ba ta ratsa burodi ko kabeji a ja ɗaya, kuma ba ta barin tsinin da za ka daka in kana tsaga itace. Sama da santimita 13 kuwa tsinin ya yi wa hannu nisa, fiƙa ta zama wahala, sara kuma har yanzu ba ta kai adda ba. In tafiyar ta ƙungiya ce kuma akwai share wuri, mutum ɗaya ya ɗauki adda, sauran su riƙe ƙananan wuƙaƙe.

Kauri ne inda aka fi yin asarar kuɗi. Ido yana son wuƙa mai kaurin baya, milimita 5 ko 6, don tana kama da abin da ba zai karye ba. Gaskiya ba za ta karye ba, sai dai ba ta yanka. Ɗora ta a kan karas ka danna, za ka ji ya fashe ɓas kafin kaifin ya kai rabi, domin kafaɗun ƙarfen ne ke buɗa shi kamar gatari a gungume. Haka take yi wa albasa da dankali. Sannan nauyi yana bin kauri kai tsaye: wuƙa biyu masu tsawo da faɗi ɗaya, mai milimita 5 ƙarfenta ya kusa ninka na mai 2.5. A lissafin mai tafiya a ƙafa, milimita 2.5 ta ishi abinci da fiƙa da ƙirare, 3.2 ta ishi wanda ke yawan tsaga itace. Abin da ya haura 4.5 ka bar wa mai mota.

Yadda aka zaftare ƙarfen zuwa kaifi shi ma yana da tasiri kamar kaurin. Akwai wadda aka bar jikinta a miƙe, aka zaftare wajen santimita ɗaya kawai daga baki, irin ta mutanen Suwidin da Finlan. Wannan ita ce sarauniyar fiƙar itace, kuma ta fi kowace sauƙin washi, domin shimfiɗa zaftaren kawai za ka yi a kan dutse, shi zai riƙe maka kusurwa. Aibinta, in ta yi kauri tana fasa kayan miya. Akwai wadda aka zaftare tun daga baya har baki, wadda ta fi kyau da abinci da nama kuma ta fi sauƙin nauyi, tunda an rage ƙarfe da yawa. Ta uku mai kumburin ciki ce, bakinta yana da ƙarfi ƙwarai, amma washinta a kan dutse sai gwani. Wanda girki ya fi yawa a tafiyarsa ya ɗauki ta biyu, mai son aikin itace ya ɗauki ta farko, siririya.

Sai wutsiyar ƙarfen, wato ɓangaren da ya shige cikin ƙota. A wasu wuƙaƙe ƙarfen yana tafiya da faɗinsa har ƙarshen ƙota, kana ganinsa tsakanin ɓarin ƙota biyu. A wasu kuwa siriri ne a ɓoye, ya kai kashi uku cikin huɗu na ƙotar. Ta farko ta fi jure duka, ta biyu ta fi sauƙi da giram 50 ko fiye, kuma da sanyin asubar Disamba a kan tsaunin Jos ba ta ɗora maka ƙarfe mai sanyi a tafin hannu. Ɓoyayyar wutsiya ba aibi ba ce in kamfanin kirki ne ya zuba robar ƙotar a kanta. Abin gudu shi ne irin manyan wuƙaƙen nan masu ƙota mai rami, da kamfas a gindi da haƙoran zarto a baya. Yawancinsu ɗan guntun ƙarfe da kusa ɗaya ne suka haɗa ruwan da ƙotar, kuma daidai nan suke rabuwa.

A kan irin ƙarfe, yanayin Filato ne ke yanke hukunci. Baƙin ƙarfe, kamar mai lamba 1095 da ke da kabon kusan kashi 0.95 cikin ɗari, yana ɗaukar kaifi da sauri, kowane dutse yana wasa shi. Amma daga Afrilu zuwa Oktoba, musamman Yuli da Agusta, in ka yanka lemo ko tumatir ka mayar da ita kube ba ka goge ba, kafin gari ya waye ta yi jan tsatsa. Tsatsar kuma ba a jiki take tsayawa ba, bakin kaifin take fara ci don shi ne mafi siriri. Farin ƙarfe, wanda ke da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, ya raba ka da wannan ɗawainiya. Lambobin da ke da sauƙin washi kuma ba sa ɓantarewa su ne 12C27 da 14C28N. Ƙarfe mai lamba D2 yana riƙe kaifi ya daɗe, amma ranar da ya dakushe a daji, dutsen washi na gida sai dai ya yi ta sulɓi a kansa. In ka ga an rubuta 440 kawai babu harafi a gaba, ko ba a rubuta komai ba, ɗauka cewa ƙarfen mai laushi ne. Tauri kuwa nemi lambar HRC, wato ma'aunin taurin ƙarfe, tsakanin 57 da 60. Ƙasa da 55 kaifin yana lanƙwashewa, sama da 61 yana ɓantarewa in ya gamu da tsakuwa.

Ga misalai don a sami ma'auni. Companion ta kamfanin Morakniv, ta farin ƙarfe, ruwanta milimita 104, kauri 2.5, nauyi da kube bai kai giram 120 ba, kuma tana cikin mafi araha a tsakanin masu suna. Kansbol ta wannan kamfani milimita 109 ce, an ƙara sirantar da rabin gabanta don yankan nama da kayan miya. Garberg ɗinsu ita ce mai cikakkiyar wutsiya, kauri 3.2, wuƙar zalla giram 170, da kube kuwa ta wuce 200. Fällkniven F1, wadda rundunar sojin saman Suwidin ta ɗauka a 1995, ruwanta milimita 97, kauri 4.5, nauyi giram 150, amma kuɗinta ya ninka na Companion sau da yawa. ESEE-4 ta Amurka ƙarfen 1095 ce, kauri kusan 4.8, wuƙar kaɗai ta haura giram 220. Ga mai kwana ɗaya ko biyu a duwatsun nan, Companion ko Kansbol sun gama magana, ragowar kuɗin ya tafi takalmi. Masu tsada kuma ana yawan yin jabunsu a kasuwannin intanet. In ta iso, ɗora ta a sikelin kicin ka gwada da nauyin da kamfanin ya bayyana, ka auna kaurin baya. Bambancin giram 20 ko rabin milimita ya ishe ka shaida.

Maƙeran gida hanya ce mai kyau in ka san abin da za ka ce. Sifirin mota da suke ƙira da shi ƙarfe ne nagari mai jure duka. Matsalar guda biyu ce: suna barin kauri don gudun a ce ta karye, sannan tauri yana bambanta daga wuƙa zuwa wuƙa. Ka je da zane a kwali, ka yanke shi daidai girman da kake so, ka ce: “Malam, bayan kada ya wuce kaurin nan, kaifi gefe ɗaya, ƙarfen ya fita har gindin ƙota, kusa biyu.” In ya gama, goga magagari a bakin kaifi. In ya ci ƙarfen cikin sauƙi, ba ta taurara ba. In ya sulɓe yana ƙara kamar a kan gilashi kuma bakin yana ɓantarewa da ka sari busasshen itace, ta yi tauri fiye da kima, ba a sake gasa ta kaɗan ba bayan an tsoma ta da zafinta a ruwa ko mai don ta taurara. Wadda ta yi daidai, magagari yana ɗan kama ta da ƙyar.

Ƙota ta cika hannu, tsawon santimita 11 zuwa 12, da ɗan tudu a gaba mai hana yatsa zamewa kan kaifi. Gwada ta da jiƙaƙƙen hannu, in da hali da ɗan sabulu. Roba mai ɗan laushi ta fi riƙo a damina. Ƙotar itace tana kumbura da ruwa, hunturu ya zo ya busar da ita, ta tsage ta wajen kusa ko ta fara girgiɗi. In ta itace ce, riƙa shafa mata man kaɗe kafin Nuwamba.

Kube ana mantawa da shi wajen lissafin nauyi, alhali wani kuben fata mai kauri ya kai giram 100. Na dukawanmu yana da kyau a ido, amma fata tana shan ruwa ta riƙe, sai baƙin ƙarfe ya kwana cikin damshi. In fata za ka sa a ɗinka, ka ce a sa wani ɓarin fata a tsakiya ta gefen kaifi, in ba haka ba wuƙar za ta yanke zaren ɗinkin ta leƙo ta cinya. Kuben roba mai ƙaramin rami a gindi ya fi dacewa da tafiyar damina. Kowanne ne, juya shi kai ƙasa ka girgiza sau uku. In wuƙar ta faɗo, za ta faɗo maka a tsakanin duwatsu.

Abin da ke kashe wuƙa a Filato dutse ne. Mutum ya shimfiɗa kilishi ko albasa a kan fa, ya yanka, kaifin ya taɓa dutsen sau biyu, shi ke nan. Ɗauki murfin roba ko ɓawon itace ka yanka a kai. Saiwa da ciyawar da ke da yashi ma suna dakusar da ita nan take, haka tonon ƙasa. Buɗe gwangwanin kifi da tsini shi ke karya tsinin. Wajen tsaga itace, kada ya wuce kaurin wuyan hannu, ka ɗora wuƙar a miƙe, ka daki bayanta da sanda, ba da dutse ba, kuma ka kauce wa gaɓa. Itacen turare da ya cika gefen tsofaffin ramukan kuza yana da murɗaɗɗiyar tsoka in ya bushe. In wuƙa ta maƙale a ciki kada ka murɗa ta gefe, feƙe ɗan itace ka daka a tsagar ya buɗe. Shingen ƙyarana da tinya da ke zagaye da gonakin ƙauyuka kuwa farin ruwansu yana ƙona fata da ido. Wuƙar da ta taɓa shi sai an wanke ta da sabulu kafin ta koma kan abinci, kuma shingen ma na mai gona ne.

Washi ba ya buƙatar kaya masu tsada. Sanfefa mai lamba 400 da 1000, a manna a kan gilashi ko tayil, ta isa. Shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a bakin kaifi, ka ja sau biyar, ka duba: inda tawadar ta goge nan kake ci, in bakin bai goge ba ka ɗan ɗaga baya. Ci gaba a gefe ɗaya har ka ji ɗan kaushi ya juyo ɗaya gefen da farce, sannan ka juya. Ka ƙare da ja baya-baya a kan tsohon bel na fata, sau goma kowane gefe. Kada ka miƙa ta ga masu washi da injin gurza a kasuwa. Zafin injin yana kashe taurin bakin, alamarsa shuɗi ko ruwan ƙasa a kaifi, kuma daga nan ba ta ƙara riƙe kaifi sai an cinye wurin gaba ɗaya. Baƙin ƙarfe a shafa masa basilin ko man kaɗe kaɗan. Man gyaɗa yana danƙo in ya daɗe, baƙin mai kuma ba ya haɗuwa da abinci.

Hanyar fita daga Jos ta kowace kusurwa akwai shingen jami'an tsaro, kuma wuƙa a ƙugu a cikin gari ko a motar haya neman magana ce. Ta zauna cikin kubenta a ƙasan jaka tare da tukunya da risho, sai an bar kwalta a ɗaura ta. Wannan ma dalili ne na guje wa mai kaifi biyu da baƙar wuƙa mai siffar ta soja, waɗanda ko a wajen aiki ba su da inda za ka ɗora babban yatsa ka danna. Ƙota mai launin lemo ko kore mai haske ta fi kama da kayan girki, kuma in ta faɗi cikin ciyawa da magariba ana ganinta. Mai zuwa ta jirgi daga Legas ko Abuja ya sa ta a akwatin da za a auna, domin ba a shiga da ita a jakar hannu.