Daga gandun sarki zuwa madafin gidana

Tun ina ƙarama a cikin birnin Kano nake jin kakata, Allah ya jiƙanta, idan ana maganar aure takan rage murya ta ce, "A dai bincika asali." Sai da na girma na gane ana duba ko a kakannin akwai wadda aka saya a Kasuwar Kurmi, ko wadda ta yi noma a gandun sarki a Fanisau.

Wannan ne ya sa tunanin baƙaƙen matan Amurka ya shige ni. A 1851 Sojourner Truth, wadda aka haifa cikin bauta, ta miƙe a taron mata a Akron ta ce ta yi huɗa, ta yi girbi, babu namijin da ya fi ta aiki. A 1981 Angela Davis, marubuciya kuma 'yar gwagwarmayar baƙaƙen Amurka, ta faɗaɗa hujjar: siffar mace mai rauni da ake killacewa a gida ba ta taɓa haɗawa da baiwa ba, kuma bayan soke bauta a 1865 'ya'yan bayin ne suka koma wanki da raino a gidajen Turawa.

Tarihinmu ba irin nasu ba ne. Dokar Virginia ta 1662 ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, alhali a nan ɗan da kwarkwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana cin gado, har ma yakan yi sarauta. Amma baiwar gandu a rana take yini, matar gida kuwa tana kulle, shi ya sa da bauta ta gushe, aka haramta ta gaba ɗaya a Arewa a 1936, mata da yawa suka ajiye fartanya suka shiga kulle, domin a wurinsu shi ne shaidar 'yanci. Duk wadda ta kira kulle ƙangi kawai, ba ta tambayi waɗannan matan ba.

Abin da ya fi damuna yana cikin gidana. Yarinyar da aka kawo min daga ƙauye ita ke wanke-wanke da raino domin in samu zuwa ofis, kuɗin aikinta kuma hannun matar da ta kawo ta yake shiga. Na sha halartar tarukan 'yancin mata ina magana da murya mai ƙarfi, ita kuwa tana madafi tana tankaɗe. A watan jiya na kai ta makarantar yamma, na kuma nemi a haɗa ni da mahaifiyarta mu yi maganar kuɗin baki da baki.