Jidda: kifin da ke kwana a tsakiyar dafi

Da muka kammala Umara na hau jirgin ƙasan Haramain daga Makka zuwa Jidda, ko awa guda ba mu yi ba muka iso. Mai masaukina Bahaushe ne haifaffen can. Kakansa ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Katsina, ya ratsa Sudan don sauke farali, bai kuma koma ba. Sana'ar jikan nan ita ce kula da tankunan kifin ruwan gishiri a otal-otal da gidajen masu hannu da shuni.

Mun leƙa Fakieh Aquarium da aka buɗe a 2013 a bakin Bahar Maliya, amma abin da ya tsaya mini a rai a falon mai masaukina na gan shi. Tanki ne na gilashi cike da murjani, ga wata halitta a manne jikin dutse mai kama da fure, yatsunta na kaɗawa. Ya ce, "Alhaji, wannan dabba ce, anemoni sunanta, kuma kowane yatsa dafi ne." Ƙaramin kifi in ya goge ta, ya zama abincinta. Amma sai ga wasu kifaye biyu masu ruwan lemo, waɗanda ake kira kilawunfish, suna birgima a tsakiyarta hankali kwance. Yauƙin jikinsu ke kare su. Su kuma suna korar masu cin anemonin, kashinsu ya zama mata taki.

Mu a gida tarwaɗa da karfasa muka sani, ana kiwonsu don tukunya. Nan kuwa kifin da bai wuce tsawon yatsa ba ana ƙirga masa zane. Kilawunfish kusan iri 30 ne, amma cikin anemoni sama da iri 1,000, goma kacal ke karɓar su. Na tankinsa masu farin zane biyu ne, ɗaya bayan ido, ɗaya a tsakiya, su ne 'yan asalin Bahar Maliya. Mai zane uku da siririn baƙi a gefe shi ne oselaris. In baƙin ya yi kauri, galibi parkula ne. Mai zane ɗaya tal bayan ido, ja kamar tumatir, da tumatir ɗin ake kiransa. Akwai kuma marun mai ƙaya a kumatu, mafaɗaci, har hannun mai wanke tanki yake cizo. A teku shi ba ya zama sai a anemoni mai kumburarrun kan yatsu, alhali wani iri mai suna kilaki duk goman yana shiga.

Da na tambayi wanne ne namiji, sai ya nuna ƙaramin. Babbar ita ce mace, kuma in ta mutu, namijin ne zai rikiɗe ya zama mace. Na yi ta tasbihi. Ikon Allah ya wuce tunani.

Washegari na raka shi wani shagon kifi, a nan raina ya ɓaci. Mai shagon ya ga babbar rigata, ko sallama bai amsa ba, ya daka mini tsawa wai kar in taɓa gilashi. Sannan ga wata anemoni fara fat da yake tallata wa wani yaro a kan kuɗin da zai sayi buhun shinkafa a Kano. Mai masaukina ya ja yaron gefe ya gaya masa gaskiya: farin nan ciwo ne, ƙananan tsirran da ke cikin jikinta suna ciyar da ita da haske sun fice. Ya ƙara da cewa sabon tanki ba ya riƙe anemoni, kuma kifin da aka ƙyanƙyashe a tanki yana rayuwa lafiya ko babu ita. Sayar wa yaro dabba mai shirin mutuwa ha'inci ne, ko a wace ƙasa ake.

Da daddare ya ciyar da ni gasasshen kifi da shinkafa, ya hana ni ciro ko riyal ɗaya. Muka tsaya kallon feshin ruwan Sarki Fahad daga bakin teku, muka zaga tsohon garin Balad a gurguje. Da asuba ya kai ni filin jirgi na kamo hanyar Kano.