Titin da mota ba ta shiga

Sayayya a titin tsakiyar gari da aka hana motoci shiga akwai daɗi, amma sai da dabara. Yawanci da sassafe ake barin motocin kaya su sauke, don haka ka bari sai hantsi: kantuna sun cika, cunkoso bai fara ba. Kaya masu nauyi ka saya a ƙarshe, wurin ajiye mota da nisa.

Abinci kuwa, gidajen bakin babban titin hayarsu da tsada, kuma a farantinka ake fanshewa. Ka ratsa lungu ɗaya ko biyu. Kafin ka zauna a teburin waje, tambayi ko akwai kuɗin hidima. Jakarka a gabanka, musamman inda jama'a suka taru kallon masu wasa.