Godiya ga waɗanda suka taya ni ceto tsofaffin mujalluna

Assalamu alaikum. Sai yau na samu natsuwar rubuta wannan, kwana tara bayan ruwan daren Talatar da ya yaye kwanon ɗakin da nake ajiye tsofaffin mujallu. Alhamdulillahi, ba wanda ya ji ciwo. Amma da gari ya waye na tura ƙofa na tarar da kwalaye tsamo-tsamo, ruwa har idon sawu, wallahi zama na yi a dokin ƙofa na rasa ta inda zan fara.

Wanda bai san ni ba zai ce duk wannan a kan takarda? Shekara goma sha biyar na yi ina baza tebur a Bata, nan Kano, ina sayar da jaridu da mujallu, kuma duk fitowar da ta zo sai na ware kwafi ɗaya na kai gida. A cikin kwalayen nan akwai Tauraruwa ta 1998, akwai Fim tun fitowarta ta farko a watan Maris na 1999, shekarar da Allah Ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa. Da sunan fim aka san su, amma masu son waƙa ma su suke jira. Mutum ya daɗe yana jin murya a kaset ɗin da ya sayo a Ƙofar Wambai, bai taɓa ganin mai ita ba sai ya buɗe mujalla. Na sha ganin mutum biyar sun haɗa kai a kan kwafi ɗaya a gaban teburina, ɗaya ne ya biya, huɗu 'yan karatun kyauta.

Ba rana ɗaya kasuwar ta mutu ba. Salula ta shigo a 2001, muna ta cinikinmu. Da 'yan dawunlodin suka fara tura waƙa a memori, sannan mawaƙa suka koma tallata kansu a Facebook da YouTube, sai masu ba da talla suka janye, ga takarda daga waje ake shigo da ita, kullum kuɗinta sama yake yi. Labarin da mujalla za ta kawo ƙarshen wata, yaro ya gama karanta shi a waya tun farkon wata. Kwantai ya yi ta taruwa har na naɗe tebur. Shi ya sa hankalina ya tashi: abin da ya lalace a ɗakin nan ba inda zan je in sayo madadinsa.

Godiyata ta farko ga uwargida. Ita ta hana ni shanya su a rana, ta ce shafuka masu sheƙi in suka bushe a manne sun mannu ke nan har abada. Haka ta zauna kwana uku tana ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya tun suna da danshi, tana saka farar takarda a tsakani, daga baya ta shimfiɗa ƙyalle ta bi su da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi. Ni da na yi rabin rayuwata da takarda ban san wannan dabarar ba.

Na gode wa maƙwabcina da ya ba mu zaurensa da fanka biyu, ya kuma tayar da janareta bai karɓi ko kuɗin mai ba. Na gode wa kafintan da ya ajiye aikinsa ya hau rufin tun kafin hadari ya sake haɗuwa. Sai samarin layinmu, waɗanda na sha yi wa faɗa kan danne-dannen waya. Da wayoyin nan suka ɗauki hoton shafi-shafi, suna yi suna tambaya ta wane ne wannan mai gurmi, wane ne wancan mai fiyano. Na janye rabin faɗan.

Akwai malamin jami'a, tsohon kwastomana, da ya zo takanas da manyan ambulan da katan busassu. Shi ya rarrashe ni da cewa ko a Ingila mujallar waƙa ta NME, wadda ke fitowa tun 1952, ta daina fita duk mako a takarda a 2018, wata mujallar waƙar mai suna Q kuma ta rufe a 2020. Malam, na gode, Allah Ya ƙara ɗaukaka.

Kwali biyu dai sun tafi, sun zama kamar dame, yawanci na tsakanin 2003 da 2005 ne. Duk wanda yake da kwafin waɗannan shekarun a ƙarƙashin gado ko cikin adakar Hajiya, don Allah ya ara mini in ɗauki hoto in mayar masa. Waɗanda suka kira da waɗanda suka yi jaje daga nesa, Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci. Ranar Asabar bayan la'asar za mu ci gaba da ɗaukar hoton sauran a zauren maƙwabcin nawa, mai hali ya zo da caja.