Abin da na koya a bayan labule a Ontariyo

Masu wasan kwaikwayo na unguwa a Kanada ba biyansu ake yi ba. Wata malamar makaranta ce, wata ma'aikaciyar jinya, wata kuma tsohuwa da ta yi ritaya. Da yamma su haɗu a zauren coci su yi gwaji. Cikinsu na faɗa ina ɗalibta a Ontariyo, aka ɗora mini kula da kayan dandamali a wani wasa kan matan da aka bari a gida lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Duk tsawon wasan ba soja ko ɗaya, ba ƙarar bindiga.

To da me za a nuna yaƙin? Da tarkacen da ke kan teburina. Akwai littafin rabon abinci, domin a 1942 gwamnati ta ƙayyade sukari da shayi da kofi da man shanu, nama ya biyo baya a 1943. Akwai gwangwanin tara kitsen girki, wanda ake kaiwa wurin mahauci don a yi nakiya da shi. Akwai jagira, wadda mata ke zana layi da ita a bayan ƙafa don a ɗauka doguwar safa suka sa, tunda silikin ya tafi ɗinkin laimar sauka. Mai ba da umarninmu, dattijuwa marar son hayaniya, takan tsayar da gwaji kan yadda ake yage takardar sukari kaɗai. "Ki ƙirga kafin ki yaga," in ji ta, "na mako guda ne a hannunki."

Wurin da muka fi daɗewa shi ne zuwan talgiram, saƙon da ke kawo wa iyali labarin sojansu. An kafa shi bayan harin da aka kai garin Dieppe na Faransa ran 19 ga Agusta 1942, inda aka kashe sojojin Kanada sama da 900, aka kama kusan 2,000. Ana ƙwanƙwasa ƙofa, mai wasan tana cikin kwaɓin fulawa. Ita so take ta ruga da kuka, aka hana ta. Ta goge hannu, ta kwance ƙyallen girki, ta ninke shi, sannan ta nufi ƙofar. A nan na gane cewa jira ya fi kuka wuyar kwaikwayo, kuma shi ya fi kama 'yan kallo. Na kan tuna matan da mazansu suka tafi yaƙin Bama daga ƙasarmu, ban taɓa ganin an sa nasu zaman jiran a dandamali ba.

Ɓangaren masana'anta kuwa, da shi na yi ta gardama. Kowa na son hoton Veronica Foster, ma'aikaciyar ƙera bindigogi, wadda aka ɗauka a 1941 a kamfanin John Inglis na Toronto, kai ɗaure da ɗankwali, sigari a hannu, bindigar Bren a gabanta. Hoton talla ne, kuma mun ba shi wuri fiye da kima. Abin da ya biyo baya muka taƙaita: gidajen renon yara da aka buɗe daga 1942 don uwaye su samu zuwa aiki, gwamnatin tarayya ta janye kuɗinta a 1946, maza suka dawo suka karɓi gurabensu. Layi biyu kacal aka ba wannan. Na nemi a ƙara, aka ce wasan ya riga ya yi tsawo.